Shingen Katako Zai Rufa Mini Asirin Gida?

Tambaya: Tsakar gidana a Samaru a buɗe take, masu wucewa suna hango iyalina. Katangar bulo ta fi ƙarfina. Shingen katako da ƙofa zai yi?

Amsa: Zai yi, Malam, amma babbar abokiyar gabarka gara ce. A ƙasar Zariya, katako ya taɓa ƙasa, ta samu abinci. Don haka ginshiƙai su zama na bututun ƙarfe, a dasa su cikin siminti, zurfin ƙafa biyu, allunan kuma a ɗaga su taƙi ɗaya daga ƙasa.

In ka shiga 'yan katako a Sabon Gari, nemi madaci busasshe. Kar kafinta ya lallaɓa ka da ɗanye don arha. Hunturu na kamawa zai tsuke, ya bar kafar da za a riƙa leƙowa, ka ga an koma gidan jiya. A shafe shi da maganin gara na Solignum ko baƙin mai kafin a buga ƙusa.

Ƙofa ke fara sunkuyowa. A sa mata hinji uku, da katako a gicciye daga hinjin ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɓangaren sakata.

In shingen zai fuskanci titi, leƙa ofishin hukumar tsara birane, KASUPDA, kafin ka haƙa rami.