Riƙon Amana a Lokacin Jira

Ɗana, ke ma ƴar'uwata, ku ba ni aron kunnuwanku, domin na san yadda zuciya takan gaji idan an daɗe ana addu'a amsa ba ta zo ba, an gama karatu aiki bai samu ba, har mutum ya fara tunanin ko Ubangiji ya manta da shi.

Ku buɗe Littafin Farawa daga sura 37, ku dubi Yusufu. Yana ɗan shekara 17 ƴan'uwansa suka sayar da shi ga fataken Isma'ilawa a kan azurfa 20, bai kuwa tsaya a gaban Fir'auna ba sai da ya kai shekara 30. Mu mukan karanta wannan a zama guda, amma shi sai da ya yi shekara 13 tsakanin bauta da kurkuku, kuma ba wanda ya faɗa masa ranar fita.

Abin lura shi ne yadda ya riƙe kansa a waɗannan shekaru. A gidan Fotifar bai ce dukiyar wani ce ina ruwana ba, ya kula da ita har maigidan ya danƙa masa kome. Da matar gidan ta neme shi da lalata, ba uba a kusa, ba wanda zai kai labari gida, duk da haka ya ƙi, domin ya san idon Allah yana kansa. Ladan da ya fara samu kuwa sharri ne da ɗauri. Saboda haka, ɗana, kada ka yi mamaki idan gaskiyarka ta fara jawo maka wahala kafin ta jawo maka daraja. A kurkukun ma ya ci gaba da hidima, mai shayar da sarki, wanda suka yi zaman kurkuku tare, da ya fita sai ya manta da shi shekara 2 cur, amma Allah bai manta ba. Hannun da ya riƙe amanar gidan mutum ɗaya, shi aka miƙa wa rumbunan Masar, ya tara hatsi a shekara 7 na ƙoshi, ya ciyar da jama'a a shekara 7 na yunwa, har da waɗanda suka sayar da shi.

Yesu Almasihu ya koyar a Luka sura 16 cewa a ƙaramin abu ake gane mai aminci. Saboda haka kuɗin cinikin da maigidanka ya bar maka a shago, da mudun da kike aunawa a kasuwa, ƴar'uwata, da baikon majami'a, da alkawarin aure, duk a nan ake gwada bangaskiyarku. Dogara ga Allah ba naɗe hannu ba ne. Manomi yakan shuka geronsa ya yi noma, ruwa kuwa ya bar wa Mai sama.

Ku yi haƙuri, ƴaƴana, kada gaggawa ta sa ku sayar da mutuncinku. Ku riƙe amanar da ke hannunku yau, ku bar wa Ubangiji lokaci, domin shi mai aminci ne, ba ya ta da alkawari. Allah ya yi muku albarka.