Mantiƙi da Harshe: Wa Ya Zauna Ina a Teburin Liyafa?

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa warware matsalar mantiƙi ya dogara ne kan fahimtar kalmomin da aka gina ta da su. Mantiƙi ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa, domin malaman zaure sun daɗe suna karantar da littafin Sullam na Al-Akhdari, wanda aka wallafa a ƙarni na 16. Hanyar da za mu bi kuwa ita ce wadda malaman usulu ke kira "assabru wattaƙsimu", wato a jera dukkan abin da zai yiwu, sa'an nan a yi ta zubar da wanda ya saɓa wa sharaɗi.

Matsalar

Mutum biyar sun kewaye zagayayyen teburi: Maigida, Liman, Alƙali, Likita da Attajiri. Sharuɗɗa uku ne:

1. Liman yana dab da Maigida ta hannun daman Maigida.
2. Alƙali ba ya dab da Liman.
3. Likita ba ya dab da Alƙali.

Warwara

Mu ba Maigida kujera ta 1, mu ƙidaya sauran ta damansa. Mutum huɗun da suka rage suna iya zama ta hanya 24 (4 x 3 x 2 x 1). Sharaɗi na farko ya ɗora Liman a kujera ta 2, saura hanya 6. Na biyu ya hana Alƙali kujera ta 3, saura hanya 4. To, in Alƙali ya zauna a ta 4, kujerun da suka rage, wato ta 3 da ta 5, duk suna gefensa, Likita ya rasa wurin zama ke nan. Ashe Alƙali yana ta 5. Tun da ta 4 tana dab da shi, dole Likita ya koma ta 3. Attajiri, wanda ko sau ɗaya ba a ambace shi cikin sharuɗɗan ba, ya sami ta 4.

Rawar da Harshe Ya Taka

Da an ce "Maigida ya zaunar da Liman a damansa", da jimlar ta yi harshen damo, domin "-sa" tana iya komawa ga Maigida ko ga Liman, amsar kuma ta zama biyu. Haka nan da an sa "kusa da" maimakon "dab da", da an buɗe ƙofar gardama, don kuwa wanda kujera ɗaya ta raba ka da shi ma yana kusa da kai.

Kammalawa

Darasin bai tsaya ga teburi ba. Mai rubuta wasiyya ko yarjejeniyar ciniki, in ya bar wakilin suna guda yana lilo tsakanin mutum biyu, ya bar wa magada shari'a. Saboda haka ya kamata ɗalibin nahawu ya riƙa gwada jimlolinsa da irin wannan ma'auni.