Allurar da Maniyyata ke Mantawa da Ita

Duk shekara idan aka fara tantance lafiyar maniyyata, a teburina ake duba katin rigakafi. Ba mai gardama a kan allurar sanƙarau da ta shawara da ɗigon shan inna, don kowa ya san hukumomin Saudiyya suna neman shaidarsu. Amma da na ambaci allurar mura mai tsanani, wadda muke kira infuluwenza a asibiti, sai dattijo ya gyara hula ya ce, "Haba 'yata, mura ai ba ciwo ba ce. Citta da kanumfari sun ishe ta."

Murar da Baba yake nufi ita ce ta majina da atishawa, wadda mutum ke zuwa kasuwa da ita. Infuluwenza kuwa farat ɗaya take kayar da mutum: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, busasshen tari, gaɓoɓi kamar an yi musu dukan sakwara. Da yawa sai su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su tafi kemis a haɗa musu magani har da antibayotik, wanda ba ya taɓa ƙwayar bairos ko kaɗan. Matashi yakan tashi cikin mako guda. Mai shekara 65 zuwa sama, ko mai ciwon suga, asma ko ciwon zuciya, shi ne takan gangara masa huhu ta zama nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa infuluwenza tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara.

To, ku duba Mina. Mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi a kwari guda, katifa na gogar katifa a cikin tanti, ga rashin barci, ga gajiya. Kuma alhazai daga kowace kusurwa suke zuwa, saboda haka ko a wane wata Hajji ya faɗo, akwai wanda ya baro lokacin sanyi a ƙasarsa da ƙwayar a maƙogwaro. Tarin nan da alhazanmu ke dawowa da shi ba duka ne infuluwenza ba, amma tana ciki, kuma ita muke da allurarta. Shi ya sa ma'aikatar lafiyar Saudiyya ke ba da shawarar a yi ta.

Ta bara ba ta wadatar bana. Ƙwayar tana sauya kama, don haka a watan Fabrairu da na Satumba masana ke zama su zaɓi nau'o'in da za a sa a sabuwar allura. Ba na yi wa kowa alƙawarin cewa ba zai yi tari ba. Abin da take yi shi ne rage yiwuwar kamuwa da kuma kwanciya asibiti. Damtse zai iya yin tsami kwana ɗaya ko biyu, wani har da ɗan zazzaɓi, amma ƙwayar da ke cikin allurar ba ta da rai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu zuwa ana jibi jirgi zai tashi. Jiki na buƙatar kimanin mako biyu kafin garkuwar ta kankama. Kuma allurar ba ta cikin rigakafin yara da ake yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi, sai an neme ta, galibi a asibiti mai zaman kansa. Alhaji, Hajiya, ranar da kuka je gwajin lafiya ku tambayi likita inda za a same ta, kafin a shiga hidimar guzuri da sallamar dangi.