Buɗaɗɗiyar Manhaja: Amfaninta da Rauninta

Kowace kwamfuta, haka ma wayar hannu ta zamani, tana aiki ne da jerin umarni da ake kira manhaja. Daga cikinsu akwai babba guda wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, kamar Windows ko Linux, sauran kuma a kanta suke hawa. Manhaja iri biyu ce. Akwai rufaffiya, wadda kamfanin da ya yi ta ke ɓoye rubutun asalinta, yana sayar da izinin amfani kawai. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda aka yarje wa kowa ya karanta rubutunta, ya gyara, ya rarraba.

Asalinta

A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU domin samar da babbar manhaja ta kowa da kowa. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya rubuta cibiyar da ta rage, aka sa mata suna Linux. A kanta aka gina Android da ke cikin galibin wayoyin duniya. Tun daga Nuwamba 2017 kuma, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da Linux suke aiki.

Amfaninta

Na farko, galibi ba a biyan kuɗin lasisi. Makaranta na iya ɗora Linux da LibreOffice a kan kwamfutoci ɗari ba tare da ta saɓa doka ba. Na biyu, ba kamfani guda ne ke yanke wa na'ura wa'adi ba. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da dama ba za su ɗauki Windows 11 ba. Da yawansu kuwa za su ɗauki Linux. Na uku, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A Maris 2024 wani injiniya ya bankaɗo ƙofar ɓoye da aka dasa a manhajar xz, tun kafin ta bazu, domin rubutun a fili yake.

Rauninta

Buɗaɗɗiyar manhaja kamar rijiyar gari take: masu ɗiba sun fi masu yasa yawa. A Afrilu 2014 aka gano ɓarakar da ake kira Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet. Shekara biyu ta yi ba a lura ba, domin masu kula da manhajar 'yan ƙalilan ne, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Ashe samun damar duba rubutu daban, samun mai dubawa daban.

Haka kuma sauya sheƙa yana da tsada. Birnin Munik na ƙasar Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, bai kammala da kwamfutoci wajen 15,000 ba sai 2013, kuma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Bugu da ƙari, wasu manhajojin sana'a, irin su Photoshop, ba a yi su domin Linux ba, takardar da aka tsara da Word kuma takan ɗan jirkice idan an buɗe ta da wata manhaja.

Abin Lura

Saboda haka, kafin wata makaranta, ko asibiti, ko ƙaramar hukuma ta rungumi buɗaɗɗiyar manhaja, wajibi ne ta lissafa manhajojin da aikinta ba zai yiwu ba sai da su, ta fara gwaji da kwamfutoci kaɗan, ta horar da ma'aikata, sa'an nan ta naɗa wanda zai riƙa ɗora gyare-gyaren tsaro a kan kari. Kuɗin da aka tsimi daga lasisi, a nan ya kamata a kashe shi. Kwamfutar da ke riƙe da albashin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya, idan ba mai kula da ita, tana cikin haɗari, ko buɗaɗɗiyar manhaja ke kanta ko rufaffiya.