JIKIN MAI JEGO: RAMA DA ƘIBA A LOKACIN SHAYARWA

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ajiye wa jinjiri abincinsa a ƙirjin uwarsa tun bai san roƙo ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, da zarar an watse daga taron suna, an ci rago an raba goro, sai hankalin gida ya koma kan jinjiri. Ita kuwa uwar ba a cika tunawa da ita ba sai ran da aka ga jikinta ya sake. Wata za ta rame har wuyanta ya fito, sai a ce goyo ya tsotse ta. Wata kuma za ta yi wata shida cikinta bai koma ba, sai a ce ta saki jikinta. Daga irin wannan magana ake samun ɓacin rai tsakanin miji da mata, kuma daga nan ne waɗansu mata ke kai hannu ga magungunan da ke cutar da su, su cutar da abin da suke goyo. Sabili da haka ya kamata Musulmi ya san abin da ke gudana a jikin mai shayarwa, da abin da Shari'a ta ɗora wa kowa game da shi.

Alƙur'ani mai girma bai bar wannan babi ba. Aya ta 14 a Suratu Luƙman ta ambaci raunin da uwa ke shiga, wani a kan wani, ta kuma sanya yaye a cikin shekara biyu. Aya ta 15 a Suratul Ahƙaf ta haɗa ciki da shayarwa ta lissafa su wata 30. Watau aiki ne guda ɗaya doguwa wanda haihuwa take tsakiyarsa. Wanda ya fahimci haka ba zai sa ran jikin mace ya koma yadda yake ran arba'in ba, tun da aikin bai ko kai rabi ba.

Ga yadda likitoci suka yi lissafin abin. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara nauyin kilo 11 da rabi zuwa 16 a tsawon cikinta. Jinjirin kansa kilo 3 ne ko sama da haka kaɗan. Saura kuwa mabiyiya ce, da ruwan faya, da mahaifa wadda ta buɗe, da ƙarin jini da ruwa, da nono da ya cika, sa'an nan da kitse kamar kilo 3 zuwa 4 wanda ke taruwa a cinyoyi da ƙugu. Ranar haihuwa kilo 5 ko 6 ke sauka a lokaci guda. A makon farko da na biyu ruwan da ya taru yakan fita ta fitsari da gumi, shi ya sa mai jego kan farka da dare ta tarar da zanenta sharkaf. Mahaifa kuwa, wadda nauyinta ya kai kilo guda bayan haihuwa, takan tsuke a hankali har ta koma kusan yadda take cikin mako shida. Tsotson jinjiri shi ke gaggauta wannan tsukewa, domin yana sa jiki ya saki wani sinadari mai matse mahaifa. Murɗar marar da mace ke ji in ta sa ɗa a nono a kwanakin farko ke nan, kuma alama ce ta alheri, don tana rage zubar jini.

A nan ya kyautu a ɗan ratse. Kwana arba'in da aka saba ƙirgawa ya yi kusa da wannan mako shida, amma hukuncin salla ba a kan ƙirgen kwana yake ba, a kan jinin biƙi yake. In ya ɗauke, ko da bayan kwana 10 ne, sai ta yi wanka ta yi salla. Iyakarsa a mazhabar Imamu Malik kwana 60, a wurin Hanafiyya da Hambaliyya kuwa kwana 40.

To, saura kitsen nan. Shi guzuri ne da jiki ya tanada don nono. Mai shayarwa takan fitar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita na nono kowace rana a wata shida na farko, kuma yin wannan nono yana cin ƙarfin abinci kamar kalori 500 a yini, kwatankwacin ƙarin kwano guda na abinci. Wani sashe daga abin da ta ci yake fitowa, wani sashe daga guzurin. Shi ya sa mata da yawa kan sauke rabin kilo zuwa kilo guda a wata ba tare da sun yi kome ba. Amma fa jiki suna ya tara. Akwai wadda yunwar shayarwa da ƙarancin barci ke sa ta ci fiye da abin da nonon ya ɗauka, akwai kuma wadda jikinta ke riƙe kilo biyu ko uku ƙam har sai ta yaye. Duk cikinsu babu mai laifi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wannan: jikin uwa yana fifita ɗa a kan uwar. Idan abinci ya yi mata ƙaranci, nono ba ya tsayawa nan da nan, sai dai jiki ya juya ya ɗiba daga kitsenta, in ya ƙare ya shiga tsokarta. Har ƙashinta ba ya tsira, don an auna an ga ƙarfin ƙashin mai shayarwa yana raguwa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a watannin farko, ko da yake yakan dawo bayan yaye. Saboda haka ake ganin yaro ɓul-ɓul a bayan uwa ramammiya, mutane suna yaba goyon, ba su san da naman jikinta ta biya ba.

Wanda ya san wannan zai ga hikimar aya ta 233 a Suratul Baƙara. Ayar da ta sanya shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ita ce kuma ta ɗora ci da tufafin mai shayarwar a kan uban yaro gwargwadon hali, ta kuma hana a cutar da uwa sabili da ɗanta. Malaman fiƙihu sun bi wannan sawu. Shaihu Halilu, a babin ciyarwa na Muhtasar, ya nuna cewa miji zai ƙosar da matarsa ko da mai yawan ci ce, kuma mai shayarwa ana yi mata ƙari a kan abin da aka saba ba ta, gwargwadon abin da zai ƙarfafa ta. Hakki ne, alƙali yana iya tilasta shi. Ko auren ya ƙare, aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta a biya uwa ladan shayarwarta. A Suratu Maryam ma, abin da aka umurci Nana Maryamu da shi a wurin haihuwa shi ne ta ci ɗanyen dabino ta sha ruwa ta kwantar da hankalinta.

Abin takaici, a gidaje da yawa lissafin a juye yake. Maigida zai ci bashi don rago da kayan fitar suna da maroƙa, ya sayo ƙauri da yaji na 'yan kwanaki, da an yi arba'in kuwa sai a mai da mai jego kan tuwo da miyar kuka fara, alhali tana da sauran wata 20 da 'yan kai na shayarwa. In ta rame kuma shi ne na farkon yi mata gori. Ga shi kuwa abin da take bukata bai fi ƙarfin talaka ba: wake, gyaɗa, zogale, alayyafo, fura da nono, ƙwai, ɗan kifi ko hanta in an samu, da ruwa mai tsabta duk lokacin da ta ji ƙishirwa. Kuɗin rago na biyu da ake yankawa don a faɗa ya isa ya riƙe ta watanni.

Rama da gori su ke tura waɗansu mata ga ƙwayoyin ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Daga cikin abin da ake sayarwa don haka akwai deksametason, wanda maganin waɗansu cututtuka ne da ba a sha sai da izinin likita. Abin da yake kawowa kumburin fuska ne da teɓa, kuma in aka daɗe ana sha yana jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Akwai kuma ƙwayar buɗe ciki da ake kira siproheptadin, wadda aka hana wa mai shayarwa don tana iya rage nono.

A ɗaya gefen ga masu gaggawar saukewa. Hotunan wayar hannu sun sa 'yan mata da dama suna ganin kamar wajibi ne ciki ya shafe kafin a fita unguwa. Sai a kama shan shayin rage ƙiba, wanda yawancinsa ganyen sa zawo ne dangin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Ruwa yake fitarwa, kitsen yana nan, ga shi kuwa kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne. Shawarar masana ita ce a bari sai nono ya zauna, kamar bayan wata biyu, sa'an nan a rage zaƙi da soye-soye a riƙa 'yar tafiya, kada saukar ta wuce rabin kilo a mako. Ɗaure ciki da zane yana tallafa wa baya, ba ya narkar da kitse. Tumbin da ke saura sau da yawa tsokar ciki ce da ta rabu a tsakiya lokacin da ɗa ke girma, ita kuma sai a hankali take haɗuwa. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa kuwa sai ta jira izinin likitanta kafin kowane motsa jiki.

Sauran canje-canjen ba su da tsawon bayani. Gashi yakan zube wajen wata na uku ko na huɗu, ya kuma tsiro kafin shekara. Nankarwa takan dusashe, ba ta ɓacewa sarai. Haila takan jinkirta ga mai ba da nono zalla. Zubewar nono kuwa, wadda ke sa waɗansu su yaye da wuri ko miji ya matsa a yaye, bincike ya nuna yawan ɗaukar ciki da shekaru su ne sanadinta. Wadda ta haihu ba ta shayar ba ma ba ta tsira. An hana yaro hakkinsa ke nan a kan abin da hanawar ba ta gyarawa.

Game da bakin miji da na danginsa, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta haramta izgili da laƙabin wulaƙanci, kuma ba ta ware matar mutum ta ce ita ya halatta a yi mata ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi tseren gudu da Manzon Allah (S.A.W.) tana siririya ta wuce shi. Bayan shekaru, da ta yi jiki, suka sake, ya wuce ta, ya yi dariya ya nuna mata cewa ramuwa ce. Jikinta ya sake, kuma abin da ya yi da wannan sakewar shi ne raha.

Sai dai akwai ƙibar da ba ƙiba ba ce, kuma wannan batu ne na rai. Sau da yawa in mai jego ta cika, ƙafafunta suka yi nauyi, sai tsofaffi su ce jego ya karɓe ta. Wani lokaci kumburi ne na zuciyar da ta gaza. A shekarun 1970 waɗansu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo a Zariya, suka kuma danganta yawansa da kunun kanwa mai yawan gishiri, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, musamman lokacin bazara. Binciken da aka yi daga baya a asibitocin Nijeriya ya fi nuna hawan jinin masu ciki da ramar uwa da talauci. Ko wanne ne ya fi ƙarfi, alamun ɗaya ne: kumburin ƙafa da ke lotsawa in an danna, haki, kasa kwanciya rigingine, da tarin dare. Mai irin wannan asibiti za a kai ta a ranar, a kuma dakatar da kanwa. Wankan jego al'ada ce, ba farilla ba ne ba sunna ba ne, kuma ruwa mai ɗumi ya wadatar. Haka nan ramar da ta zo da sauri tare da bugun zuciya, ko tari mai daɗewa, ko jiri da farin ido, ko baƙin cikin da ke hana ci da barci, duk ba na goyo ba ne, suna bukatar awo.

Saura azumi. Mata da yawa suna azumin watan Ramalana da goyo lafiya lau, in sun ci sun sha sosai tsakanin buɗa baki da sahur. Amma wadda ta ji tsoro ga ɗanta, ba ta kuwa sami mai shayar mata ba, ko yaron ya ƙi karɓar wani nono, Ibnu Abi Zaidin ya nuna a Risala cewa tana da damar ta sha. A mashahurin zancen Malikiyya za ta rama, ta kuma ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana; Hanafiyya kuwa ramuwa kaɗai suka ɗora mata. In tsoron ya kai na halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi. Abin lura shi ne jiri da fitsari mai duhu a gare ta, da raguwar fitsarin jinjiri da yawan kukansa. Idan kuwa farilla ce aka yi wa wannan sauƙi, to wadda ke jera azumin nafila da jariri ɗan wata biyu a hannu don ciki ya faɗa, sai ta duba niyyarta, ta kuma jinkirta shi har yaron ya fara cin abinci bayan wata shida.

Allah Shi ne Mafi sani.