Mai Juna Biyu da Sinadarin Cikin Roba: Shawarwari ga Gidajen Ƙaraye da Rogo

Idan mai juna biyu ta je awo aka karɓi fitsarinta, sukari ake dubawa da furotin da alamar ciwon sanyi. Akwai abin da wannan gwajin ba ya gani: fitalet, dangin sinadaran da masana'antu ke zubawa a roba nau'in PVC don ta yi laushi, da kuma a turare don ƙamshi ya daɗe. Ba ya riƙe robar gam. Zafi da maiƙo suna fito da shi. A 2022 masu bincike a Amurka suka haɗa sakamakon nazari 16 a kan mata 6,045, suka ga waɗanda sinadarin ya fi yawa a fitsarinsu sun ɗan fi sauran haihuwa kafin lokaci, irin ta bakwaini. Alaƙa suka gani, ba su ce shi kaɗai ne sila ba.

1. Ku fahimci yadda ake aunawa. Ba fitalet ɗin kansa ake nema ba, sai burbushin da jiki ke zubarwa a fitsari bayan ya sarrafa shi, kuma sai a babban ɗakin gwaji mai na'urori masu tsada. Jiki na fitar da mafi yawansa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa fitsarin yau labarin jiya kawai yake bayarwa, kuma masu bincike kan karɓa sau da yawa a tsawon cikin. Don haka, maigida, kada wani ya karɓi kuɗinka a kemis da sunan wannan gwaji. Awon da ke hannunku shi ne ku zauna da uwargida ku ƙirga: daga safe zuwa dare, sau nawa abinci mai zafi ko mai maiƙo ya taɓa roba?

2. Ku fara da kicin, don ta baki ya fi shiga. A 2011 an sa iyalai biyar a San Faransisko cin abincin da aka dafa da ɗanyen kaya, ba na gwangwani ko na ƙunshin roba ba. Cikin kwana uku kacal burbushin nau'in da ake kira DEHP ya ragu da fiye da rabi. A nan mu ba mu da uzuri: ga kifin dam ɗin Challawa, ga kayan lambun rani, ga masara da gyaɗa daga gonakin Rogo. Koko da kunu a zuba a kofin silba ko kwanon sha maimakon leda. Alale a koma ganye ko ƙananan kwanoni. Gaskiya ledar ƙulli galibi ba PVC ba ce, amma ba wanda ya san abin da aka narka aka yi baƙar leda da shi, kuma ba don tafasa aka yi ta ba.

3. Man gyaɗa da manja, a juye su a kwalba. Mai ya fi ruwa jan sinadarin, balle a tsohuwar jarkar da ta wuni a rana ranar kasuwa.

4. Mesar ban ruwa ta gona ce. Masu noman rani su daina tarar ruwan sha daga bakinta, musamman wanda ya kwanta a ciki rana ta dafa shi. A gida, randa ta fi.

5. Turare. Na san nan za a harare ni, domin ɗakin da ba humra da turaren wuta a wajenmu kamar ba ɗakin mace ba ne. Ba cewa nake a daina ba. Amma turaren feshi, man shafawa mai ƙamshi da jan farce na cikin hanyoyin da nau'in DEP da DBP ke shiga jiki. A 2016 'yan mata 100 a garin Salinas na Kalifoniya suka canza kayan kwalliya na kwana uku, burbushin DEP ya sauka da kashi 27 cikin ɗari. Watanni taran nan, uwargida, ki rage feshi, ki koma man kaɗe da lallen gargajiya, ki buɗe taga in kin sa turaren wuta. Abin da ba shi da lambar NAFDAC kuwa, a bar wa mai shi.

6. Ledar ɗaki, wadda ake shimfiɗa wa amarya, yawanci PVC ce, kuma warin da take yi tana sabuwa ba na banza ba ne. Sinadarin na sauka cikin ƙura. A goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara a bushe, a shimfiɗa tabarma wajen cin abinci, a wanke hannu da sabulu kafin a sa a kwano. A kuma daina hura wuta da leda ko guntun silifa. Mai cikin ce ke durƙushe a bakin murhu.

7. Kayan jariri. Tarayyar Turai ta hana wasu nau'ikan fitalet a kayan wasan da yara ke tsotsa tun 1999, Amurka ta bi a 2008, amma kayan da ke zuwa kasuwanninmu ba duka suka bi wannan ƙa'ida ba. Ku duba gindin roba: lamba 3 cikin alwatika na nufin PVC.

8. Kada tsoron roba ya hana zuwa asibiti. Ledar ƙarin ruwa da ta jini ma sau da yawa PVC ce, amma matar da ke zubar da jini a ɗakin haihuwa, jinin nan take bukata a take, ko a cikin me ya zo.