Zaɓen Injin Ruwa Don Tankin Kifi da Lambun Tsakar Gida: Shawarwari Ga Magidantan Gwandu da Kalgo

Mutumin Kalgo ba baƙon injin ruwa ba ne. Da rani in ka gangara fadama, kukan injinan ban-ruwa masu inci biyu da inci uku ne ke tarbar ka daga gonakin shinkafa. Haka masu lambun albasa da tumatir na ƙasar Gwandu. A can ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya fi ƙarfi ya fi, ya cika kwami cikin sauri a kashe shi a huta da shan mai. Wannan sabon ne ke jefa mutane cikin asara idan suka zo haɗa kiwon kifi da shukar ganye a tsakar gida, tsarin da masana ke kira akwafonik.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Kifi na cikin tanki yana ci yana kashi. Inji na ɗebo ruwan ya zuba a kwamin tsakuwa da aka shuka alayyafo ko latas ko tumatir. Wasu ƙwayoyin halitta da ke manne a jikin tsakuwar suna juya gubar kashin, wato amoniya, ta zama takin da saiwa ke sha, ruwan ya komo wa kifin a tace. Aikin ba ya tsayawa dare da rana. Injin fadama doki ne na sukuwa, nan kuwa jaki ake nema, wanda zai yini ya kwana yana tafiya a kan ɗan abinci kaɗan.

1. Fara da lissafin ruwanka, ba da kuɗin aljihunka ba. Ka san lita nawa ke zagaye a tsarin gaba ɗaya, na tankin kifi da wanda ke kwance a kwamin shuka. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a littafin da ta fitar kan wannan sana'a a 2014, ta ce idan kifin na da yawa ruwan ya zagaya sau biyu a awa, idan kuma kaɗan ne sau ɗaya ya isa. Ke nan mai farin tankin nan na kejin ƙarfe da ke cin lita 1,000 yana buƙatar lita 1,000 zuwa 2,000 a kowace awa. Littafin ya kuma ja kunne kada nauyin kifi ya wuce kilo 20 a lita 1,000. Ka yi lissafi da girman da kifin zai kai ranar sayarwa. 'Ya'yan tarwaɗa 20 da ka kawo a leda ba su cika tafin hannu ba, amma kowanne na iya doshin kilo guda cikin wata shida idan abinci ya wadata.

2. Kada ka yarda da babbar lambar da ke jikin kwali. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa, don haka zan ɗan tsaya a kai. Ɗauki kwalin injin ka juya bayansa. Za ka ga lambobi biyu. Ɗaya an rubuta Qmax, kusa da ita misali 3000 L/H, wato lita 3,000 a awa. Ɗayar an rubuta Hmax, misali mita 3. Lamba ta farko ita ce abin da injin ke fitarwa idan ba ya ɗaga ruwan sama ko da taƙi ɗaya. Ta biyu kuma ita ce tsayin da in ruwa ya kai, ƙarfin injin ya ƙare, ko ɗigo ba zai fito ba. Ba a samun su biyun a lokaci guda. Injin mai lita 3,000 da mita 3, in ka ce ya hau mita ɗaya da rabi, abin da zai ba ka bai fi kusan rabin abin da aka rubuta ba.

Saboda haka ka ɗauki awo kafin ka bar gida. Auna daga saman ruwan da injin zai zauna a ciki, ba daga ƙasan tanki ba, zuwa wuri mafi tsayi da bakin bututu zai zubar. Ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin uku a kan abin da ka samu, saboda tsawon bututu da lanƙwasarsa su ma suna cin ƙarfi. Sannan ka nemi injin da Hmax ɗinsa ya ninka awonka sau biyu ko fiye. Wasu kwalayen suna da ɗan zane mai layi da ke gangarowa, yana nuna lita nawa ake samu a kowane tsayi. Wanda ke da wannan zanen ya fi kwanta mini a rai, don mai shi bai ɓoye komai ba.

In ka shiga shago a Birnin Kebbi ko Jega, tambayarka ta zama a fili: “Alhaji, lita nawa wannan ke turawa a tsayin mita ɗaya da rabi?” Idan amsar ita ce “Malam, ai wannan akwai ƙarfi,” to ka karɓi kwalin ka duba da kanka.

3. Gwada shi da jarka. Bayan ka haɗa komai yadda zai zauna, tara jarka mai lita 20 a bakin bututun da ke zuba a kwami, ka duba agogon waya. In ta cika a daƙiƙa 72, kana samun lita 1,000 a awa. In ta cika a daƙiƙa 36, lita 2,000 ke nan. Rubuta sakamakon da gawayi a jikin bango. Duk wata ka sake gwadawa. Ranar da ka ga jarkar da ke cika a daƙiƙa 40 ta koma 60, injin ya toshe ko ya fara gajiya, alhali ido ba zai taɓa nuna maka hakan ba.

4. Dubi wat kafin ka dubi farashi. Ƙaramin injin da ake nutsawa cikin ruwa, in mai kyau ne, yana tura kusan lita 40 a awa a kan kowane wat ɗaya. Tankin lita 1,000 ba ya buƙatar fiye da mai wat 25 zuwa 50. Mai wat 40 in ya yi awa 24 yana aiki bai cika cin yunit ɗaya na wuta ba. Kwatanta shi da injin da ake ɗaga ruwa da shi zuwa tankin saman gida, mai rabin ƙarfin doki: wat 370 yake ja, kusan yunit 9 a kwana guda. Ba a ƙera shi don ya kwana yana aiki ba, zai yi zafi ya ƙone, kafin nan kuma ya wujijjiga kifin da igiyar ruwa har su daina cin abinci. Shi kuwa sumo na rijiyar burtsatse, barinsa a rijiyarsa ya fi.

5. Ka yi shirin dare tun da rana. A ganina wannan ya fi duk sauran nauyi a yankinmu, inda ba wanda zai iya rantsuwa cewa wuta za ta kwana. Akwai injinan da ke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12 ko 24, ba sai an bi ta inbata ba, kuma su na fi so wa mai sola don ba a asarar wuta a hanya. Lissafin ga shi: batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da abin da ya kai wat 1,200 na awa guda, amma irin na ruwan asid ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya daɗe. Rabin nan zai ɗauki injin wat 40 tsawon awa 15, wato daga faɗuwar rana har hantsi. Faifan sola mai wat 250 zuwa 300 zai tafiyar da injin da rana ya kuma cika batirin. Da injin wat 100 ka saya, da wannan batirin ya ƙare cikin awa 6, tsakar dare kowa na barci. Kowane wat da ka ƙara wa inji ba gaira ba dalili, sai ka biya shi a kuɗin batir da faifai.

Da hunturu kuma, goge ƙurar faifan ya zama aikin kowace safiya.

6. Zafin bazara yana canza lissafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kebbi kan haura digiri 40, ruwan tanki ya yi ɗumi, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. A digiri 20 lita guda na iya riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 ta sauko wajen 7 da rabi, ga shi a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta. Leƙa tankin da asuba bayan an fito masallaci. In ka tarar da karfasa sun taru a saman ruwa, bakuna a waje suna buɗewa suna rufewa, ko sun yi cincirindo daidai inda ruwa ke zubowa, iska ta yi musu kaɗan. Maganin ba ƙaton injin ruwa ba ne. Ka sa ruwan da ke komowa ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama, ka yi wa tankin rumfar zana, ka ƙara ɗan injin hura iska mai wat kaɗan a kan batirin. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar waje da ita, shi ya sa take jure abin da karfasa ba ta jurewa, kuma da ita nake ba mai koyo shawarar ya fara. Sai dai juriyarta kada ta ruɗe ka: ƙwayoyin da ke cikin tsakuwa da saiwar shuka su ma iska suke so.

7. Ɗan fi kaɗan ya fi ɗan kasawa, amma kaɗan ɗin nake nufi. In lissafi ya ba ka lita 1,500, ɗauki wanda zai ba da 2,000 a tsayinka. Sa mahaɗa mai baki uku a kan bututun, reshe ɗaya ya tafi kwami, ɗayan mai makunni ya mayar da rarar ruwan cikin tankin kifi. Rarar ba ta tafi a banza ba, ita ce ke motsa ruwa tana ƙara iska. Kada ka taɓa rage ruwa ta wajen da injin ke zuƙa. Makunnin reshen da ke mayar da rarar zai yi maka rana musamman in kwaminka irin mai cika ya zube da kansa ne, domin bututun da ke zuƙe ruwan ba ya kamawa in ruwan shiga ya yi rauni, ba ya kuma saki in ya yi yawa. Da murɗa makunni a hankali ake samo daidai.

Masu sa wa inji agogon kunnawa da kashewa, minti 15 aiki, 45 hutu, su sani cewa ruwan awa guda ne za a tura a rubu'in awa, don haka injin sai ya ninka sau huɗu.

8. Bututu siriri yana shaƙe inji mai kyau. Rabin inci ya isa abin da bai kai lita 1,000 a awa ba. Daga nan zuwa 2,000, sa mai kwata uku ko inci guda. Rage gwiwoyi iyakar iyawa. Bututun komowa, wanda ruwa ke gangarowa da kansa, ya fi na shiga faɗi, in ba haka ba kwami ya tumbatsa, tanki ya ƙafe. Roba za ka yi amfani da ita, ban da jan ƙarfe, don guba ne ga kifi. Haka injin da aka cika cikinsa da mai, ranar da ya yi yoyo kifin sun tafi.

9. Ɗora injin a kan bulo, kada ya zauna a ƙasan tanki. In tiyo ya fice da dare, ruwan zai tsaya daidai tsayin bulon, kifi su samu abin fakewa. Kullum ruwa na raguwa da kashi 1 zuwa 3 cikin 100 saboda rana da shan shuka, wato lita 10 zuwa 30 a tankin lita 1,000, da bazara ma ya fi haka. A riƙa cikawa, domin irin wannan injin ruwan ne ke sanyaya shi, in ya yi aiki a bushe ya lalace. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya yi. Na famfon gwamnati a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu sinadarin kulorin ya fice.

10. Uwargida da yara ne ke yini da tankin, don haka su san komai nasa. A nuna musu yadda ake zare filogi kafin a sa hannu a ruwa, da yadda ake ciro soson da ke bakin injin a wanke shi duk mako, a buɗe ɗan farfelan ciki a cire saiwa da majinar kifi. Soket ya kasance a sama, inda feshin damina da hannun yaro ba za su kai ba, kuma kada a yi ɗaurin waya da leda kusa da ruwa. In wuta ta ɗauke batir kuma ya gaza, su dakatar da ba kifi abinci nan take, su riƙa ɗibar ruwan da bokiti suna kwararo shi daga sama lokaci zuwa lokaci har a gyara. Da zarar ka sayar da kifin farko, ka sayo inji na biyu irin na farkon sak, ka gwada shi da jarka, ka ajiye shi a kwalinsa inda kowa a gidan ya sani.